Haƙar Bitcoin Daga Damagaram: Kai Kaɗai, Cikin Gayya, Ko Gayya Da Tubalinka?

Bayan sallar isha'i ɗan yayata ya same ni a ƙofar gida, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya miƙo mini waya. Hoton injin haƙar Bitcoin ne, Antminer S19j Pro na hannu, wanda shi da abokansa biyu na fada suke son haɗa kuɗi su sayo daga Kano. Ya ce, "Kawu, wani ya ce mana ko mun saya asara za mu yi, wai rezo ɗin Damagaram ba shi da sauri, kafin namu ya isa duniya wani ya riga mu. Gaskiya ne?"

Na ce masa akwai gaskiya a maganar, amma ba a inda aka aza ta ba. Jinkiri yana cin kuɗin mahaƙa, wannan babu musu. Abin tambaya shi ne aljihun wa yake ci, kuma amsar ta dogara da hanyar da ka bi ka shiga harkar. Na san ba su kaɗai ne ke wannan tunani ba tsakanin Birni da Zango da Sabon Gari, shi ya sa na zauna na rubuta abin da muka tattauna. Tun farko a sani, ba danne-dannen waya da samari ke kira mainin nake nufi ba. Ina maganar haƙa ta ainihi, mai inji, mai shan wuta, mai ƙara.

Bari mu fara da tseren kansa, don in ba a gane shi ba sauran maganar ba za ta zauna ba.

Littafin Bitcoin jerin shafuka ne, masu harkar na kiran kowane shafi bulok. Ni zan ce masa tubali, don kamar ginin ƙasa ne, kowane tubali a kan na ƙasansa yake zama. Kusan duk minti 10 wani mahaƙi a duniya yana dace da lissafin da ya ba shi damar ɗora sabo, wato wajen tubali 144 a kwana. Tun watan Afrilun 2024, a tubali na 840,000, ladan ya koma bitcoin 3.125, ban da kuɗin aike da masu ciniki ke biya. Sai dai samun tubali ba shi ne samun lada ba. Dole sauran kwamfutocin da ke riƙe da littafin, waɗanda ake kira nod, su ji labarinsa, su duba shi, sauran mahaƙa kuma su ɗora nasu a kansa. Idan mutum biyu suka dace kusan lokaci guda, kowane nod yana riƙe wanda ya fara iso masa. Tubali na gaba shi ke raba gardama: duk wanda aka ɗora a kansa ya zauna, ɗayan ya zama maraya, mai shi ko tamma ba zai gani ba. Shi ya sa ma ƙa'ida ta hana a taɓa ladan haƙa sai an ɗora tubali 100 a kansa.

Lissafin asarar ba shi da wuya. Minti 10 sakan 600 ne. Idan tubalinka ya yi sakan 6 a hanya kafin ya game mahaƙa, akwai wajen kashi 1 cikin ɗari na yiwuwar wani ya fito da kishiyarsa a wannan tsakani. A 2013 wasu masana biyu na jami'ar ETH da ke Zurik, Christian Decker da Roger Wattenhofer, suka auna abin. Suka tarar rabin nod-nod na samun sabon tubali cikin sakan 6.5, matsakaicin lokaci sakan 12.6, kuma bayan sakan 40 akwai kashi 5 cikin ɗari da ba su ji komai ba tukuna. Rabuwar jeri a lokacin ta kai kashi 1.69 cikin ɗari. A harkar da ribarta siririya ce, wannan ba ƙaramin rami ba ne.

Ga wurin da abin ya fi damuna. Jinkirin ba ya cin kowa daidai. Babban mahaƙi mai kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin injinan haƙa na duniya, da zarar ya samu tubali, kashi 30 ɗin nan sun fara gini a kansa nan take, ba sa jiran saƙo daga kowa, don a gidansu aka haife shi. Ƙaramin mahaƙi kuwa sai tubalinsa ya yi tafiya kafin ya samu ko mutum ɗaya da zai goya masa baya. Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi. Duk sakan ɗin da aka ƙara a hanya, haraji ne da ƙanana ke biya wa manya, kuma shi ke tura ƙananan su je su fake a inuwar manyan. A ƙarshen 2013 Ittay Eyal da Emin Gün Sirer na jami'ar Cornell a Amurka suka nuna abin da ya fi haka muni: mahaƙin da ya kai kashi ɗaya bisa uku zai iya ɓoye tubalan da ya samu, ya riƙa sakinsu a lokacin da ya zaɓa, ya ci fiye da rabonsa. Idan kuma hanyarsa ta watsa labari ta fi ta kowa sauri, ko bai kai haka ba dabarar za ta yi masa aiki.

To me aka yi a kai? Dabaru uku aka gwada, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Ta farko mahaƙa ne suka ƙirƙiro wa kansu, kuma ita ce mafi haɗari. Kowane tubali yana da kai, ɗan taƙaitaccen bayani mai bayit 80 kacal. Maimakon su jira gangar jikin ta iso su duba ta, sai su karɓi kan kawai su fara gini a kansa. Da yake ba su san cinikin da ke ciki ba, sai su fara da tubali fanko don kada su maimaita abin da aka riga aka rubuta. Har yau in ka duba jerin za ka riƙa cin karo da tubalin da babu komai a cikinsa sai ladan mai shi. Ranar 4 ga Yulin 2015 aka ga illar abin. Wani ƙaramin mahaƙi ya fitar da tubalin da ya saɓa wa sabuwar ƙa'idar BIP 66, manyan da ba sa dubawa suka bi shi ido rufe, aka jera tubali 6 a kan ruɓaɓɓen tushe, duka suka rushe. Ladan da ya haura dalar Amurka 50,000 ya bi ruwa.

Ta biyu ita ce a yi wa mahaƙa titi na musamman. Matt Corallo, ɗaya daga cikin masu rubuta manhajar Bitcoin, ya fara da wata hanyar aike, sannan a 2016 ya fito da FIBRE, wadda ke watsa tubali gunduwa-gunduwa tare da rarar bayanai, ta yadda ko wasu gutsattsari sun ɓace a hanya mai karɓa zai haɗa abinsa ba sai ya ce a sake turo masa ba. Sauri kam akwai shi. Amma titi na musamman yana da mai shi, kuma wanda ke kusa da bakinsa shi ya fi morarsa. Manyan ƙungiyoyin haƙa suna da irin waɗannan hanyoyi a tsakaninsu. Wanda ke Damagaram ba ya cikin wannan zance.

Ta uku ita ce wadda ta taɓa kowa, kuma ita na fi ƙauna. Kwatanta ta da maigida a Kantin Kwari da yaronsa a kasuwar Dole. Dukansu suna riƙe da samfurin atamfofi iri ɗaya, kowace da lambarta. In maigida zai bayyana kayan da ya ɗaure, ba sai ya aiko da hoton kowane turmi ba, lambobi kawai zai karanto, yaro ya duba nasa samfurin ya gane. Haka nod yake. Kafin ciniki ya shiga tubali, ya riga ya yawata duniya yana zaune a zauren jira na kowane nod. Don haka wata shawarar gyara mai lamba BIP 152, wadda ta shigo da manhajar Bitcoin Core 0.13.0 a Agustan 2016, ta ce a daina turo tubali ɗungum. A turo kansa, da ɗan guntun lamba mai bayit 6 na kowane ciniki. Tubali mai ciniki 3,000 wanda nauyinsa ya haura megabayit guda sai ya koma saƙon da bai kai kilobayit 20 ba. Nod yana kuma zaɓar abokan hulɗa har 3 da za su riƙa jefo masa sabon tubali kai tsaye ba tare da sallama ba. Wannan gyara ba na wani kamfani ba ne, yana cikin manhajar da kowa zai iya saukewa, kuma bayansa marayun tubala suka ragu ƙwarai.

Sai dai yana da sharaɗi, kuma sharaɗin ya shafe mu. Dole zauren jiranka ya yi kama da na jama'a. In aka karanto lambar da ba ka da samfurinta, sai ka tambaya, a turo, ka jira, saurin ya tafi. Nod ɗin da wuta ta ɗauke masa awa uku yana farkawa ne da zaure rabi fanko. Wanda kuma ya saita nod ɗinsa ya riƙa karɓar tubala kawai don ya tsimi kuɗin intanet, ya kashe wannan dabara da hannunsa, domin ba shi da samfurin komai.

Ethereum, wani kuɗin kirifto irin Bitcoin, ta bi wata hanya dabam lokacin da ake haƙar ta. Da yake tubalinta na fitowa duk wajen sakan 13, marayu sun yi yawa, sai ta riƙa biyan maraya wani kaso da zai iya kai bakwai bisa takwas na lada. Tunani ne mai tausayi ga na nesa. Amma tun 15 ga Satumban 2022 aka daina haƙar Ethereum gaba ɗaya, don haka duk wanda ya kawo maka na'ura yau da sunan haƙar ta, kada ka saya.

Yanzu mu dawo kan samarin nan uku da injinsu. Hanyoyi uku ne a gabansu.

Hanya ta farko: su haƙa su kaɗai, da nod ɗinsu. A nan ne maganar da aka gaya musu take da ƙafa. In suka dace, tubalin daga ɗakinsu zai tashi, ta layin wayar da ke hannunsu, kuma duk sakan da ya ɓata nasu ne. In rezo ya yanke a daidai wannan minti, ladan da ya fi ƙarfin lissafin gidansu ya tafi. Amma kafin a kai ga wannan fargaba akwai wadda ta fi ta. Injin nasu yana gwaji wajen tiriliyan 100 a sakan. Ƙarfin duniya baki ɗaya ya kai wajen sau miliyan 10 na haka a 2025. Raba tubali 144 na kwana da miliyan 10, za ka ga a matsakaici sai sun yi wajen shekara 190 kafin su dace sau ɗaya, in wuta ba ta taɓa ɗaukewa ba kuma ƙarfin duniya bai ƙaru ba, alhali yawanci ƙaruwa yake, kuma duk tubali 2,016 ana sake daidaita wuyar lissafin. Ga kuma nod ɗin: littafin ya haura gigabayit 600. Ana iya datse shi ya zauna a ƙaramin faifai, amma sai an sauke shi duka an duba tukuna. Wanda ke sayen intanet gigabayit-gigabayit ya san nauyin wannan.

Akwai sassauci a cikin wannan hanya. Solo CKPool na Con Kolivas, wani shafi na masu haƙa su kaɗai, yana riƙe nod da saurin watsawa a madadinka, in ka dace ya cire kashi 2 cikin ɗari ya bar maka sauran. Wannan ya ɗauke matsalar jinkiri, amma bai rage ko shekara ɗaya daga 190 ɗin ba. An samu ƙananan mahaƙa da suka dace ta wannan hanya a 2024 da 2025, har da masu ɗan ƙaramin inji, labarinsu ya zaga duniya. Ba a ba da labarin dubban da suka kunna tare da su. Na gaya wa ɗan yayata cewa kuɗin mutum uku ba abin jingina wa irin wannan sa'a ba ne, kuma tun da malamai sun sha bamban a kan kirifto ita kanta, wannan siga ta musamman ya kamata ya kai ta gaban malaminsa kafin ya kai ta gaban mai sayar da inji.

Hanya ta biyu: gayya, abin da masu harkar ke kira pul. Tun 2010 da Marek Palatinus ya buɗe ta farko, wadda yanzu ake kira Braiins Pool, yawancin mahaƙa a cikin gayya suke. Gayyar ce ke da nod, ita ke haɗa tubali, ita ke watsa shi. Injinka yana karɓar aiki, yana mayar da shaidar cewa ya yi, saƙonni ƙanana da layin waya mai rauni ma zai ɗauka. A nan maganar da ta tsorata samarin ta faɗi. Tubali ba daga Damagaram zai tashi ba. Abin da jinkirinmu zai ci shi ne ɗan aikin da inji ya ci gaba da yi a kan tsohon tubali kafin sabon aiki ya iso. A ce rabin sakan ne tsakaninka da gayyar. Rabin sakan cikin 600 bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Ba jinkiri ne abokin gabarka ba, yankewa ce. Layi mai nauyin jiki wanda ba ya tsinkewa ya fi mai gudu da ke faɗuwa sau goma a yini, kuma kowane inji yana da gurbin gayya uku, a cika su duka don in ɗaya ta ɓace ya koma ta gaba.

Cikin gayyar ma akwai zaɓi, kuma a nan ya kamata a daɗe, don a nan ake gane wanda ya ɗauki haɗari.

Tsarin FPPS kamar ƙodago ne. Kowace shaidar aiki tana da farashinta, za a biya ka ko gayya ta samu tubali a ranar ko ba ta samu ba, ko tubalin ya zauna ko ya zama maraya. Duk haɗarin tsere yana kan mai gayya, kuma saboda haka yake cire kaso mai ɗan kauri, yawanci tsakanin 2 da 4 cikin ɗari. Tsarin PPLNS kuwa noman raba-daidai ne. Sai an samu tubali ake rabo, gwargwadon aikin da kowa ya zuba a 'yan sa'o'in baya. Kason mai gayya ya fi sauƙi, amma in aka yi mako na rashin sa'a kowa zai ji a jikinsa, in tubali ya zama maraya kuma kowa ya yi asara, har da kai da ba ka da hannu a jinkirin. A dogon zango ga injin da ke aiki dare da rana, PPLNS na iya ɗan fi riba. Ga injin da ke kwana yana tashi da wutar gari, rashin tabbas biyu ne ke haɗuwa, na wuta da na sa'ar gayya. Mutum uku da suka haɗa kuɗi, kowa na jiran rabonsa a ƙarshen wata, lissafin da kowa zai iya dubawa ya gane shi ne zai tsare zumuncinsu. A nan FPPS ya fi.

Amma ina da ƙorafi a kan FPPS, kuma ba zan ɓoye shi ba. Ba kowa ke iya yin alkawarin biya kullum ba sai mai babban rumbu, don haka tsarin da kansa yana kiwon manya. A 2014 gayyar GHash.io ta taɓa haura rabin ƙarfin duniya, hankalin kowa ya tashi. A 'yan shekarun nan Foundry USA da AntPool su biyu kaɗai suna fitar da wajen rabin tubalan Bitcoin. Mutane ƙalilan ke nan ke zaɓar cinikin da zai shiga littafin da aka ce ba shi da sarki. Mu da muka ga yadda aka rufe iyakoki aka tsayar da hada-hadar kuɗi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba sai an yi mana dogon bayani a kan abin da ke faruwa idan makulli yana hannun wasu 'yan tsiraru a nesa ba. Sannan kuɗinka yana kwana a hannun gayya kafin ya iso ka. A Satumban 2022 Poolin, wadda tana cikin manya a lokacin, ta dakatar da cire kuɗi, mahaƙa suka tsaya cirko-cirko. Don haka a duba mafi ƙarancin abin da gayya ke bari a cire. In bitcoin 0.001 ne, injin samarin nan sai ya yi sama da mako uku ba tsayawa kafin ya kai. Braiins da OCEAN suna biya ta Lightning, hanyar aika ƙananan kuɗin Bitcoin nan take, wadda ke ba ƙaramin mahaƙi damar kwashe nasa da wuri.

Hanya ta uku ita ce ƙoƙarin haɗa biyun: lada a raba cikin gayya, amma tubali kai ka haɗa shi da nod ɗinka. Stratum V2, sabon salon sadarwa tsakanin inji da gayya, wanda mutanen Braiins da Matt Corallo suka fitar da tsarinsa a 2019, yana da wannan dama. OCEAN, wadda Luke Dashjr ya buɗe a Nuwamban 2023, ta kawo nata mai suna DATUM a 2024. A zuciyata wannan ce hanyar da ta dace da manufar Bitcoin, don tana mayar da zaɓin ciniki hannun masu injina. Sai dai tana dawo maka da rabin nauyin da gayya ta ɗauke. Nod ɗinka dole ya kasance a farke, a kan tubali na ƙarshe, zaurensa cike. In ya makara da minti biyu bayan ɗaukewar wuta, duk abin da injinka ya yi a wannan tsakani aikin banza ne. In ka cusa cinikin da sauran duniya ba su gani ba, tubalinka zai yi nauyin tafiya. Ga wanda ke da nod a kan batir da hasken rana, da layin intanet biyu, ko Starlink da ya shigo Nijar a 2025, abin mai yiwuwa ne. Ga masu farawa, mataki na biyu ne, ba na farko ba.

Masu cewa ka turo kuɗi su haƙa maka a wani wuri da ba za ka taɓa gani ba, ban sa su a lissafi ba. Injin da ba ka ji ƙararsa ba, ba ka ga lambarsa a shafin gayya da sunanka ba, ba naka ba ne.

Da muka zo nan ɗan yayata ya saki fuska, ya ce, "Ke nan Kawu, FPPS za mu shiga, shi ke nan." Na ce ya ɗauko alƙalami, akwai lissafin da ya fi duk waɗannan nauyi.

Duniya na fitar da bitcoin 450 a kwana. Rabon injinsu ɗaya ne cikin miliyan 10, wato satoshi 4,500 (satoshi miliyan 100 ne bitcoin ɗaya), da ɗan ƙari na kuɗin aike. A ce bitcoin ɗaya dalar Amurka 100,000 ne, abin ya kama dala 4.5 ta Amurka, wajen jikka biyu da rabi a kuɗinmu. Injin yana jan wat kusan 3,050, wato kilowat-awa 73 a kwana. Raba jikka biyu da rabi da 73, za ka samu wajen sefa 35, dala bakwai a lissafin kasuwa. Ma'ana in kana sayen kilowat-awa sama da haka, kowace awa da injin ya yi yana aiki cin uwar kuɗi yake, tun ba a cire kason gayya ba, ba a maido kuɗin sayensa ba. Na ce ya je ya ɗauko takardar Nigelec ta gidansu ya kwatanta. Ko farashin da ake yi wa ƙananan gidaje rangwame ya haura wannan. Gurup kuwa ba a ma magana, zai sha gazwal fiye da lita 20 a kwana don ya ciyar da inji guda.

Wannan ne ya sa haƙa a Afirka take taruwa inda wuta ta yi rara: Habasha da madatsar ruwanta, kamfanin Gridless da ke kafa injina kusa da ƙananan tashoshin ruwa a Kenya da Malawi da Zambiya, gandun dajin Virunga a Kwango. Mu kuwa wutar Damagaram da Maraɗi mafi yawanta ta layin Katsina take zuwa, kuma kowa ya tuna yadda aka kwana tun daga Agustan 2023 da aka yanke ta har zuwa Maris ɗin 2024. Ƙara da zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, iyakar abin da aka ƙera injin ya jure, da ƙurar hunturu da ke toshe masa hanci, da ƙarar da za ta hana maƙwabta barci. Yana jan kusan amfiya 14 shi kaɗai, wayoyin yawancin gidajenmu ba don haka aka ja su ba.

Inda na ga ƙofa ita ce wurin wanda ya riga ya mallaki faifan hasken rana masu yawa don wata sana'a, mai famfon lambu ko mai sanyaya kaya, wanda wutarsa ke zubewa a banza da tsakar rana. A wurinsa wutar kusan kyauta ce, ko da injin zai yi kwata na yini ne kawai. Shi FPPS ya dace da shi sarai, don tsarin ba ya tambayar me ya sa ka zo da hantsi ka tafi da la'asar.

Su kuwa samarin, abin da na ba su shawara ya fi ƙanƙanta. Akwai ɗan inji mai suna Bitaxe, wanda zanensa a buɗe yake ga kowa, yana gwaji wajen tiriliyan 1 a sakan da wutar da ba ta wuce wat 20 ba. Faifan rana guda da batir sun ishe shi. Ba zai ciyar da kowa ba, shi kaɗai sai ya yi wajen shekara 19,000 kafin ya dace, a gayya kuma satoshi 45 ne a kwana. Amma da shi da tsohuwar kwamfuta mai nod za su ga duk abin da na bayyana da idonsu: yadda sabon tubali ke isowa, sakan nawa ya yi, sau nawa nod ya nemi cikon ciniki, kashi nawa na shaidarsu gayya ta ƙi karɓa don ta makara. Wanda ya iya wannan ya iya aikin da ake nema a duk inda aka kafa manyan injina, kuma nod guda a Damagaram ƙari ne ga littafin da yawancin masu tsaronsa ke Turai da Amurka.

Ya yi shiru, sannan ya ce abokansa ba za su ji daɗi ba, sun riga sun sa rai. Na ce kada ya je musu da "Kawu ya hana". Ya je musu da littafi. Wata guda su rubuta awa nawa wuta ta yi a ɗakin da suke son ajiye injin, sau nawa rezo ya yanke da tsawon kowace yankewa, da zafin ɗakin da ƙarfe biyu na rana. Su ɗora farashin bitcoin na ranar da farashin kilowat-awa na takardarsu a kan lissafin da muka yi. Kuɗin injin kuma su bar shi inda yake har watan ya cika. Ya karɓi takardar da muka yi lissafin a kanta, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce ranar Juma'a bayan masallaci zai kawo su su biyun mu sake bin lambobin tare.